Tallafin korona da uwar da ba ta iya bin layi

Da ƙarfe 10 na daren Alhamis, 16 ga Afrilu, 2020, dokar kulle ta fara aiki a Kano, kwana biyar bayan an tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a jihar. Kafin watan ya ƙare Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara wa jihar mako biyu na kulle, azumi kuma ya riga ya kama. A makonnin nan an yi ta muhawara a gidajen rediyo a kan halin da ɗan kasuwar Kwari zai shiga, da mai Adaidaita Sahu, da ɗan dako, da almajiran da ake kwasa a motoci ana mayar da su jihohinsu. Duk waɗannan sun cancanci a yi maganarsu. Amma akwai wani gida da kusan ba a ambace shi ba: gidan da ke da yaro ɗan shekara tara wanda bai iya zama da kansa, ko yarinya mai farfaɗiya da ba ta kwana ɗaya ba magani, ko kurma da ba wanda ya iya maganar hannu a gidansu sai shi kaɗai. Abin da ya sami waɗannan gidaje a 2020 ne nake so mu waiwaya, domin ban ga alamar cewa idan gobe aka sake rufe gari za su tsinci kansu a wani hali na daban ba.

Ba 'yan tsiraru ba ne. Rahoton da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 ne a duniya ke da wata naƙasa, wato kusan ɗaya cikin goma. A ƙasar Hausa kuwa abubuwan da ke haddasa naƙasar yara suna nan birjik: doguwar naƙuda da ke hana iska isa ƙwaƙwalwar jariri, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, sanƙarau, ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ga kuma shan inna da ta bar baya da ƙura kafin a yi maganinta. Duk wanda ya tashi a cikin unguwa ya san gida ɗaya ko biyu da ake da irin wannan yaro, ko da kuwa bai taɓa ganin yaron a ƙofar gida ba.

Kafin a fahimci abin da kulle ya rushe, sai an san a kan me waɗannan iyalai suke tsaye tun asali. Yawancinsu ba su da wani ofishin gwamnati da ke biyan su kuɗin wata. Abin da suke da shi ɗan taimako ne da ake harhaɗawa nan da can. Kaka tana zuwa daga wata unguwa ta zauna da yaro uwa ta samu ta leƙa kasuwa. Maƙwabciya tana ɗaukar ragowar yaran zuwa Islamiyya. Akwai mai Adaidaita da ya saba da su, wanda ba ya ƙorafi idan za a cicciɓi yaro a saka shi. Akwai mai kyamis da ke ba da magani bashi zuwa ƙarshen wata. Akwai ranar asibiti, inda ake zuwa gashin ƙashi a asibitin Dala ko na Malam Aminu Kano ko na Murtala. Wanda Allah ya yi wa gyaɗar dogo kuma ɗansa ya samu gurbi a makaranta irin ta Tudun Maliki, inda kurame da makafi ke karatu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar mutum ya fita ko wani ya shigo. Dokar kulle kuwa abin da ta haramta ke nan. Rana ɗaya aka wayi gari kaka ba ta iya tsallake shingen jami'an tsaro, babu abin hawa a titi, makaranta a rufe tun watan Maris, asibitoci da dama sun rage ganin marasa lafiyan da ba na gaggawa ba. Nauyin da mutum biyar ko shida ke raba wa junansu ya dawo kan mace ɗaya, tana azumi, maigida kuma yana zaune ba ya fita nema.

Maganar magani ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin ita ce ke iya kashewa. Yaro mai farfaɗiya da aka ɗora a kan fenobabiton ko kabamazafin ba a yanke masa magani kai tsaye. Likitoci sun san cewa tsayar da shi farat ɗaya na iya jawo jijjiga mai tsawo da ba ta lafawa, wadda ke iya ƙara lalata ƙwaƙwalwa ko ta tafi da rai. Talaka kuma ba ya sayen maganin wata uku ya ajiye. Na mako yake saye, wani lokaci na kwana uku. To a ce maganin ya ƙare ranar Talata, gari kuma ba za a sassauta shi ba sai Alhamis, kuɗin ma babu. Haka nan yaron da jijiyoyinsa ke ɗaurewa saboda lalurar ƙwaƙwalwa, idan aka yi watanni ba a motsa masa gaɓoɓi yadda ya kamata ba, gwiwa da gwiwar hannu sukan ƙage, ci gaban da aka shekara ana nema ya zube. Korona ba ta cika yi wa yara mummunar illa ba idan aka kwatanta da tsofaffi, wannan gaskiya ne. Amma ga waɗannan yaran, illar ba daga ƙwayar cutar ta zo ba, daga matakan da aka ɗauka ba tare da an tuna da su ba ta zo.

Hatta shawarwarin kariya an tsara su ne don mai cikakkiyar lafiya. A ba da tazara: yaya uwa za ta ba da tazara tsakaninta da yaron da ita ke ɗaga shi, ta ba shi abinci a baki, ta yi masa tsarki? A daina taɓa abubuwa: makaho da hannu yake gane hanya. A saka takunkumi: kurman da ya saba kallon leɓe da fuska don ya gane magana an toshe masa ƙofar da ta rage. Yaro mai galahanga, wanda sauyin lokacin cin abinci kaɗai ke iya birkita shi, an tsare shi a ɗaki ɗaya da mutum bakwai a tsakiyar zafin bazara. Da jihohi suka koma koyar da darussa ta rediyo da talabijin, an yaba, kuma abin a yaba ne ga yaron da ke ji yana gani. Kurma bai amfana da rediyo ba, makaho bai ga allon talabijin ba, kuma ba a ji wani shiri na kai wa makafi littattafan rubutunsu gida ba. Kurman da aka maido daga makarantar kwana ya dawo gidan da ake son sa amma ba a iya hira da shi, ya zauna haka har zuwa Oktoba da aka buɗe makarantu.

Akwai kuma tambayar da na tabbata ta hana uwaye da yawa barci: idan ni na kamu fa? An buɗe cibiyoyin killace masu cutar a Kwanar Dawaki da filin wasa na Sani Abacha. Idan aka ɗauke uwa aka kai ta can na mako biyu, wa zai riƙe yaron da ita kaɗai ta san yadda ake ba shi kunu ba tare da ya ƙware ba? Ba a tanadi amsa ba. Macen da ba a ba ta amsar wannan tambaya ba kuwa, idan ta ji zazzaɓi da tari, ɓoyewa za ta yi, kuma ba na ganin laifinta. Wannan ya nuna cewa kula da waɗannan iyalai ba tausayi ba ne kawai. Wani ɓangare ne na daƙile annobar kanta.

Sai batun kayan tallafi. Ba za a ce ba a fitar da komai ba. Gamayyar 'yan kasuwa ta CACOVID, wadda Aliko Ɗangote da Babban Bankin Najeriya suke cikin jagororinta, ta tara biliyoyin naira ta sayi abinci. Gwamnatin Tarayya ta biya waɗanda ke cikin shirin tallafin N5,000 duk wata kuɗin wata huɗu a dunƙule, N20,000, kuma a jawabinsa na 13 ga Afrilu Buhari ya ba da umarnin faɗaɗa rajistar talakawa daga gidaje miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. Ma'aikatar Jin Ƙai, ƙarƙashin Sadiya Umar Farouq, ta raba abincin shirin ciyar da ɗalibai ga iyaye a Legas da Ogun da Abuja. Amma a dubi ƙofar da kowane tallafi ya bi. Abincin 'yan makaranta na gidan da ke da yaro a firamare ne, alhali yaro mai naƙasa shi ne ya fi kowa zama a wajen makaranta. Rahoton nan na UNICEF ya nuna irin waɗannan yara sun fi sauran da kashi 49 cikin 100 wajen yiwuwar ba su taɓa shiga aji ba. Rabon shinkafa da taliya kuma a filin makaranta ko ofishin mazaɓa ake yin sa, da turmutsutsu, mai ƙarfi ya samu. Uwar da ba ta iya barin ɗaki na minti ashirin ba za ta je ta yi awa huɗu a rana tana kokawa da ƙarti ba. Da aka fasa rumbunan ajiya a Jos da Kaduna da Jalingo da Yola a watan Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, mai ƙafa da kafaɗa ne ya kwashi buhu. Ko a rabon doka ko a na wawaso, wannan uwa ba ta ciki.

Wani zai ce ai an ware wa naƙasassu kasonsu, an bi ta ƙungiyoyinsu. An yi hakan a wurare, kuma yana da kyau. Ƙasar Hausa ma tana da tsohon tsari na Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, ga kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, JONAPWD. Sai dai waɗannan ƙungiyoyi ne na manya, masu iya fita, masu iya magana da yawun kansu. Makaho ɗan shekara arba'in ya san hanyar gidan sarkinsa. Yarinya 'yar shekara shida da ke kwance a ƙuryar ɗaki ba ta cikin kowace ƙungiya, mahaifiyarta kuma ba naƙasasshiya ba ce balle a kira ta taro. Nan ne gibin yake. An gina komai a kan naƙasasshe baligi mai neman haƙƙinsa, an manta da yaro da wadda ke ɗawainiya da shi.

Dole kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba gwamnati kaɗai ke da laifi ba. Akwai gidajen da ake ɓoye irin wannan yaro don kada a ce zuri'ar na da tabo, 'yan'uwansa mata su rasa mijin aure. Akwai inda ake kiran sa ɗan ruwa, a yi ta yawon gidajen masu magani har abin da ake da shi ya ƙare. Akwai mazan da ke sakin uwar, dangin miji su ɗora mata laifi, ta koma gidan iyayenta da yaron da ba mai taya ta ɗauka. A watan Agusta na 2020, jim kaɗan bayan sassauta kulle, ƙasar nan ta girgiza da labaran mutanen da aka ceto a Kebbi da Kano bayan danginsu sun tsare su shekaru, har da yaro ƙarami da aka ɗaure tare da dabbobi. Zalunci ne da ba shi da hujja, kuma hukuncin da ya dace ya hau kan duk wanda ya aikata. Amma wanda ke son kada a sake sai ya tambayi yadda aka yi mutum ya shekara a ɗaure a tsakiyar unguwa ba wata hukuma da ta san da zamansa. Wanda ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, ba mai neman sa idan ya ɓace.

Abin takaicin shi ne doka ba ta yi shiru ba. A Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wariya ga naƙasassu. Dokar ta tanadi ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta tanadi magani kyauta a asibitocin gwamnati ga masu lalurar ƙwaƙwalwa, ta kuma wajabta wa gwamnati ɗaukar matakan kare naƙasassu a lokutan haɗari da gaggawa. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2010. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan kula da naƙasassu a lokacin korona tun watan Maris na 2020. Amma hukumar ƙasa da dokar ta ce a kafa don aiwatar da ita ba a naɗa shugabanninta ba sai Agustan 2020, wata goma sha tara bayan sa hannu, lokacin da mafi tsananin kulle ya wuce. A watannin da aka fi buƙatarta, babu ita.

Na san uzurin da ake kawowa. Farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas a Afrilun 2020, baitulmali ya girgiza, kowa na cikin yunwa, ba za a iya kallon kowane rukuni daban ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta wanke kowa ba, domin yawancin abin da ake buƙata ba kuɗi ba ne, tunani ne. Takardar izinin wucewa shinge ga mai kai yaro asibiti ba ta cin komai. Umarnin cewa a ba masu farfaɗiya maganin wata biyu ko uku a lokaci guda kafin a rufe gari, da sa hannu ake yin sa. Ma'aikacin gashin ƙashi ya kira uwa a waya ya bi da ita yadda za ta motsa wa yaro gaɓoɓi, kuɗin kati ne kawai. A Ingila, inda kulle ya yi tsanani, an bar makarantu a buɗe ga yara masu buƙata ta musamman, an kuma sassauta dokar fita ga masu galahanga bayan iyaye sun yi ƙorafi. Kada a ce ai su masu arziki ne. Afirka ta Kudu tana da tallafin wata-wata ga mai kula da yaro mai tsananin naƙasa, kuma a 2020 ta ƙara Rand 250 a kansa na tsawon wata shida. Kenya na biyan gidajen masu tsananin naƙasa kuɗi a kai a kai. Ghana ta ware wa naƙasassu kaso daga asusun ƙananan hukumominta. Babu wadda tsarinta ya kuɓuta daga matsala a cikinsu. Bambancin kawai shi ne da annoba ta zo, suna da sunaye a rubuce da hanyar aika kuɗi, sai dai su ƙara. Mu kuwa sai muka fara tambayar su wane ne, suna ina.

Kuma ba wai ba mu iya shiga gida gida ba. Wannan ne ya sa na ƙi yarda da cewa abin ya fi ƙarfinmu. A ranar 25 ga Agusta, 2020, ana tsakiyar korona, aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Kano, wadda a da ita ce cibiyar cutar, rabonta da wannan ƙwaya ta daji tun Yulin 2014. Da me aka ci wannan nasara? Da mata masu allurar rigakafi da ke shiga har cikin turaka, da mai unguwa da ke gaba suna bin sa, da taswirar kowace mazaɓa, da alli a jikin bangon kowane gida, da dagatai da hakimai da ke kai rahoto fada. Ƙasar da ta iya gano yaro ɗan ƙasa da shekara biyar a rugar Fulani don ta ɗiga masa magani, ta iya gano yaron da bai iya tafiya a Kurna ko Rijiyar Lemo. Matan nan sun sha ganin waɗannan yara da idonsu. Ba a dai taɓa ba su takardar da za su rubuta su ba. A ƙara layi ɗaya a littafinsu, a haɗa shi da asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa, cikin zagaye biyu ko uku kowace ƙaramar hukuma za ta san gidajenta. Sharaɗin kawai shi ne rajistar ta zo da amfani a hannu, magani ko keken guragu ko kuɗi, kuma a tsare sirrin iyali. Idan rubuta suna kawai za a yi a tafi, uwayen da suka gaji da alƙawari za su ce babu kowa a ɗakin.

Kuɗin ma akwai ƙofofinsa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusun masu rauni. Jihohi irin Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka da waƙafi. Ina ganin lokaci ya yi da waɗannan hukumomi za su rage dogaro da rabon buhu a gaban kyamara a watan azumi, su ɗauki nauyin maganin wata-wata na yaran da aka tantance, a biya kai tsaye ga kantin magani. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana ya gina ɗakin yini a unguwarsu, inda uwa za ta ajiye yaronta awa huɗu a hannun wadda aka horar, ta je ta yi sana'a ko ta yi barci kawai. Hutun mai jinya ba gata ba ne. Idan ta faɗi, yaron ya faɗi tare da ita, kuma babu asibitin da zai iya maye gurbinta.

Kada kuma a ɗauka maganar ta wuce tare da korona. Kwalara ta ratsa jihohin Arewa a 2021. Mashaƙo ya addabi Kano a 2023. Sanƙarau na dawowa da bazara, kamar yadda ya yi a Nijar a 2015 da Zamfara a 2017, kuma duk zuwansa yakan bar yaran da suka rasa ji ko suka samu taɓuwar ƙwaƙwalwa, wato annoba na ƙara yawan gidajen da muke magana a kansu. Ga ambaliya, ga dokar hana fita idan rikici ya tashi, ga ƙauyukan da 'yan bindiga ke kora, inda uwa ke rasa yadda za ta gudu da yaro ɗan shekara goma sha biyu a bayanta. Duk wani abu da ke rufe hanya, su yake fara kamawa.

Saboda haka kirana ga gwamnonin Arewa da kwamishinoninsu na lafiya da na harkokin mata shi ne su sa a yi wannan rajista yanzu da gari ke buɗe, su rubuta a cikin shirin ko-ta-kwana na kowace jiha wanda zai kai magani gida, da wanda zai riƙe yaro idan an kwantar da uwarsa, da lambar da za a kira. Masu martaba sarakuna su umarci masu unguwanni su san waɗannan gidaje kamar yadda suka san gidan da aka yi haihuwa. Limamai su yi huɗuba a kan haƙƙin yaro mai naƙasa da haƙƙin uwarsa a kan mijinta. Kai kuma mai karatu, idan akwai irin wannan gida a layinku, kada ka jira gwamnati: ka tura iyalinka su shiga su tambayi matar gidan ranar da maganin yaron zai ƙare.